Inda Bututu Ya Karkace

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, yana kishingiɗe a zaurensa, butarsa a gefe da sauran ruwan alwala a ciki. Ya tsufa ƙwarai, kowa ya san tafiyar ta matso, saboda haka mutuwar ba ta zo wa kowa da mamaki ba. Abin da ya tayar da magana shi ne inda aka ce za a kai shi.

Da aka gama sutura, babban ɗansa, wato yayan matata, ya miƙe ya ce Baba ya bar wasiyya kada a kai shi maƙabartar gari. A kai shi bayan tsohuwar marina, gindin aduwa. Aka fara ƙus-ƙus a zaure. Liman ya gyara zama ya ce, "Bayan marina kuma? Wurin ga ai ba kushewa ba ne, awaki ka kiwo nan." Wani dattijo da ya tako tun daga Mazanya ya ce ko dai tsufa ne ya taɓa masa tunani a ƙarshe. Wani tsohon abokin aikinsa da ya ƙetaro daga Maraɗi ya ce shi dai bai taɓa jin mamacin ya yi maganar banza ba. Can bakin ƙofa kuwa akwai wani tsohon ɗan garuwa, makaho yanzu, yana ta kuka yana cewa, "Ku bi abin da ya ce. Don Allah ku bi abin da ya ce." Ba wanda ya kula shi.

Matata ta aiko aka kira ni bakin soro. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Kai za ka hwaɗa masu. Ni muryata ba ta kai zaure." Na koma da niyyar in yi bayani, amma da na ga idanun mutane a kaina, abin da ya fito kawai shi ne, "A bi wasiyya, na san wurin." Ni matsoraci ne tun asali, duk Jibiya ta sani, ba yau na fara ba. Abin da na kasa faɗa a zaure ran nan shi ne nake rubutawa yanzu, don mun rage kaɗan da muka sani.

Baba ba a Jibiya aka haife shi ba. Ya zo yana yaro daga ƙetaren iyaka a wata shekarar yunwa, wani maƙeri ya riƙe shi. Da ya girma ya koma Maraɗi ya yi aiki ƙarƙashin Faransawa, can ya koyi harhaɗa bututun ruwa, shi ya sa har ya mutu bai iya cewa bututu ba, sai tiyo. Dogo ne, mai kauri, magana sai ta kama dole. Idan zai gano inda ruwa ke yoyo, sai ya ɗora bakin sifana a kan ƙarfe, ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido. A lokacin ko hakimi ne ya zo wucewa sai ya yi shiru. In ya ga an bar famfo yana zuba, ba ya zagi, cewa yake, "Wa ya bar shi shina kuka?" Sai ka ga mai laifi ya sulale.

Ni kuwa marini ne, hannuwana shuɗi har gwiwa, ba sabulun da ke fitar da shi. Yadda aka yi ya ba ni 'yarsa har yau ban sani ba. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, wannan kowa ya sani, amma tawa ta wuce kunya ta zama ciwo. In na hango shi a kan hanya sai in tura hannuwa cikin riga in karya kwana. In ba halin karyawa, tun daga nesa zan tuɓe takalma in durƙusa in gaida ƙasa. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Shi ma ba ya kiran sunana, sai dai "yaron ga".

Kafin a ba da mulkin kai da 'yan shekaru aka kawo wa Jibiya ruwan famfo. Ba wani babban aiki ba ne: rijiya a bakin gulbi da inji a kanta, tanki a kan tudu, sai bututu guda da zai kai ɗakin magani da gidan kwastan, ya ƙare da famfo ɗaya a bakin kasuwa. Aka ba Baba aikin a matsayin riƙon ƙwarya. Aka ce in ya gama, babban sufeton ruwa zai zo ya duba, in aiki ya yi kyau a ba shi takardar lasin ta babban makanikin famfo. Bambancin mai takarda da marar takarda shi ne, mai takarda yana da ikon ya dubi zanen aiki ya ce nan bai yi ba, a sauya. Marar takarda kuwa inda aka kafa turke nan zai bi, ko ta cikin ɗakinsa ne.

Safiyo, mai awon ƙasa, ya riga ya zo ya kafa turakunsa, a miƙe kyam tun daga tanki har kasuwa. Layin ya biyo ta bayan marinarmu, ta gindin aduwa. Da haƙa ya iso wurin, ina bakin karofi, ramin rini, ina motsa shuni, na ga Baba ya kori leburori duka ya ce su tafi su fara daga can ɓangaren kasuwa. Ya rage daga shi sai ɗan garuwan nan, wanda a lokacin idonsa garau. Su biyu suka haƙa ramin, amma ba su bi turaku ba, sai suka zagaye aduwar ta ɓangarenmu. Kayan aikin a ƙidaye aka kawo su, ba a sa gwiwar ƙarfen da ake karya kwana da ita ba, tunda layi miƙaƙƙe ne. Sai Baba ya koma wa aikin maƙera. Ya ɗura yashi cikin bututu, ya toshe bakinsa, ya sa a wuta har ya yi ja, ya lanƙwasa shi a jikin kututture. Ya binne, ya daddaɓe, ya mayar da turakun inda suke. Na gani da idona, na ce a raina ƙila saiwar aduwa ce ta tare shi. Ban tambaya ba, don suruki ba ya tambayar surukinsa dalili.

Aka buɗe famfo, aka yi murna, mata suka huta da gangaren gulbi. Duk bazara lafiya lau. Sai damina ta faɗi, ƙasa ta sha ta ƙoshi.

Wata safiya muka ji ihu daga bakin kasuwa. Na isa na tarar mata sun watse sun bar tulunansu, famfo yana zuba shi kaɗai, ruwan da ke fita shuɗi. Ba shuɗi mai duhu ba, wani irin tsarwa-tsarwa, amma ba mai cewa idonsa ne. Wata tsohuwa ta ce aljanun gulbi ne suka yi fushi an sa musu inji. Wani ya ce daga ƙetare aka zuba guba. Wani ya ce maganin hana haihuwa ne na Turawa, yau dai sun zuba ya yi yawa. Kafin rana ta take ruwan ya washe tas, aka koma aka ɗiba, don mai ƙishi ba ya daɗewa yana tsoro. Washegari da asuba ya sake fitowa shuɗi.

A kwana na gaba 'yarmu ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kama amai da gudawa. Ba ita kaɗai ba, yara da dama a unguwar kasuwa. Kafin la'asar idonta ya faɗa, wuyanta ya saki. Matata ta ɗauko ragowar ruwan safe a ƙwarya ta tura mini gaban hanci, ta ce, "Kai da ka san shuni, shinshina." Ban ma gama kai hancina ba na gane. Marini ba ya manta warin dagwalo, wato mataccen ruwan rini da muke kwarfewa daga karofi mu zubar a kwarin bayan marina, inda yara ke zagayawa. Daidai nan Baba ya lanƙwasa bututu. Tankin ƙarami ne, kafin magariba ya ƙare, bututu ya kwana ba komai a ciki. In akwai tsaga, abin da ke cikin ƙasa zai tsiyayo ya kwanta, da safe ruwan farko ya kwaso shi ya kai wa mutane.

Tsoro ya rufe ni ta ko'ina. Ga yarinya a kwance. Ga duba-gari, wanda in ya ji ruwan marina ne ya shiga famfo, to marina ta rufu, mu kuma sai gaban alƙali. Ga kuma wanda ya fi duka, in je in tsaya gaban Baba in ce masa aikinsa ne ya fashe. Na ce wa matata bari mu ga gobe. Ta dube ni ta ce, "Ko ka tashi ka tahi, ko in tahi da kaina ba mayahi, gari ya gani." Na ɗauki ƙwarya.

Na same shi a zaure yana naɗa zaren rama a bakin wani ƙarfe. Na durƙusa daga bakin ƙofa na tura ƙwaryar, na yi wa bango magana. Ya ɗauka ya shinshina. Ya ce, "Naku ne?"

Na ce, "Namu ne, Baba."

Na saci kallo, na ga tsoro ƙarara a fuskarsa. Ban taɓa zaton mutumin nan ya san tsoro ba, ganin haka kuwa bai ƙara mini ƙarfin hali ba. Ya ce, "Ɗiyar hwa?" Na ce tana nan dai. Ya miƙe ya ɗauki sarƙa da kwaɗo, ya hau tudu ya rufe babban makunnin tanki, ya ɗaure.

A makon nan ake sa ran sufeto. Ɗan garuwa, da yake yana sonsa, ya kawo shawara a gabana. Ya ce a cika tanki fal ranar da zai zo, a zubar da ruwan safe tun kafin kowa ya tashi, sufeto ya iso ya ga ruwa garai-garai ya sa hannu. In takarda ta shiga aljihu, sai a gyara a tsanake. Wallahi ni ma a raina na so a yi haka. Baba ya ce gwiwar ƙarfe ba a kasuwar Jibiya ake sayar da ita ba, sai an nema daga sama an faɗi dalili, kuma da zarar sufeto ya sa hannu dole famfo ya zauna a buɗe. Ya ce, "Ina tsoron suhweto, kada ka ce ban tsoro nai. Amma na hi tsoron yaron da za a kawo mani cikin tabarma."

Allah ya sa 'yarmu ta fara karɓar kunu kafin ranar. Sauran yaran ma suka miƙe, ba a rasa ko ɗaya ba, amma wannan sai daga baya muka sani.

Sufeto dattijo ne daga wajen Lokwaja, gajere, da wandon kaki iya gwiwa da hular kwano, Hausarsa tana ɗingishi amma ana ji. Ya sauka a mota ya nufi famfo ya murɗa, ba ko ɗigo. Ya tambayi wanda ya rufe ruwa. Baba ya ce shi ne, a zo a gani. Ya jawo shi har marina, mutanen kasuwa na biye. Mu marina duk muka miƙe tsaye da hannuwa a baya kamar waɗanda aka kama da akuya. Baba da kansa ya tone wurin. Ƙasar ta fito shuɗiya, da ɗoyi. A bayan lanƙwasar ga tsaga siririya, inda wuta ta cinye ƙarfen.

Sufeto ya tsuguna ya shafa tsagar da yatsa. Ya buɗe zanensa, ya dubi turaku, ya dubi rami. Ya ce, "Layi ya tafi haka. Kai ka tafi haka. Me ya hana ka bin turke?"

Baba ya dubi gindin aduwa.

Sai sufeto ya karɓi diga daga hannun wani lebura ya miƙa wa Baba, ya taka ƙasa da takalminsa a gindin aduwa, daidai kan turke, ya ce, "To tona nan. In dutse ne, in gani."

Baba ya karɓi digar. Ya tsaya riƙe da ita, gumi yana bin gemunsa. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya tuɓe takalmansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba dutse ba ne. Mutum ne. Ka ɗan ja da baya, bisa kanta kake."

Sufeto ya yi tsalle baya. Ya ce, "Wa?"

"Wadda ta haihe ni."

Tun ina yaro nake wasa gindin aduwar nan, nake ɗaure jaki, nake shanyar zane. Ba tudu, ba tsingaron tukunya, ba komai. Ashe a shekarar yunwar da suka ƙetaro, nan ƙarfinta ya ƙare, ba ta ko shiga gari ba. Wasu matafiya suka taimaki yaro aka rufe ta nan take, suka yi gaba. Ba mai shaida sai shi da aduwa. Matata ma, jikarta, a ranar ta fara ji.

Sufeto ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun ana kafa turke?"

Baba ya ce, "Na ji tsoron a ce mani a'a. In ban tambaya ba, ba wanda ya hana ni."

Na ɗauka tausayi zai sa a yafe. Sufeto ya mayar da hularsa ya ce, "Ka faɗi jarrabawa." Ya ce ba don zagayen ba, don ya gasa bututun ruwan sha a wuta, ya kwantar da shi cikin ƙazanta, ya binne bai gaya wa kowa ba, yara suka sha. Gaskiya ya faɗa, Baba bai musa ba. Ya ce shi zai rubuta abin da ya gani, amma an kusa sallamarsa ya koma garinsu, wanda zai gaje shi kuwa zane zai bi, ba labari ba. "Bayan kaka akwai jarrabawa a Katsina. In ka samu takarda, kai ne mai iko, ka sauya layi da hannunka, da gwiwa, nesa da marina. In ba ka samu ba, za a turo wasu su miƙe shi. Su ba su san uwarka ba." Ruwa kuwa ya ce ya zauna a rufe har lokacin.

Daminar nan ba mu ji daɗinta ba. Mata suka koma gangaren gulbi cikin taɓo, duk wadda ta zame da tulu sunan Baba take ambata, ba da alheri ba. 'Yan mata suka sa shi a waƙar dandali. Mutanen da suka yi salati a gindin aduwa, su ne bayan mako biyu suke cewa matacce ai ba ya shan ruwa, don me za a hana masu rai. Baba ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Kullum bayan sallar asuba sai ya zagayo ya duba ko an taɓa wurin, sannan ya koma gida.

Aikin hannu ba ya ba shi tsoro. Abin da ke hana shi barci shi ne za a ba shi zane ya karanta, a tambaye shi awo da inci da ƙafa, shi kuwa da mita ya koya a Maraɗi, boko kuma ko bihim. A duk danginsa ba wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci sai ni. Surukuwata ce ta ce to yaron ga ya koya masa mana. Ni na ce ba zan iya ba, shi ma ya ce ba zai yiwu ba. Ita ta samo mafita: aka shimfiɗa masa tabarma a cikin gida jikin zana, ni aka shimfiɗa mini a waje, zana a tsakaninmu. Ba ya ganina, ba na ganinsa. In na rubuta a allo sai in miƙa ta sama, ya kwafa ya miƙo. Kullum bayan la'asar haka. Duk wanda ya wuce ya gan ni durƙushe ina yi wa zana karatu da ladabi sai ya yi dariya.

Wata rana ya dage rabin inci da kwata duk abu ɗaya ne in an zo yankan ƙarfe, Faransawa ba sa wannan wahalar. Na ce, "Baba, ba haka ba ne." Ya sake, na sake cewa ba haka ba ne. Sai na ji tsawa ta ratsa zana: "Kai ka ba ni ɗiya ko ni na ba ka?" Allo ya tashi ta sama ya wuce kunnena. Ban tsaya neman takalmi ba, sai a gida na gane ƙafata ba komai. Na ce wa matata karatu ya ƙare, aure ma ban sani ba. Da safe na buɗe ƙofa na ga takalmana a jere, maɗaurin da ya daɗe da tsinkewa an ɗinke shi da waya, allo a kai, an cika shi da rabi da kwata, duk daidai. Da la'asar na koma jikin zana, ba wanda ya tayar da maganar.

Duk motar da ta shigo daga Katsina sai gabanmu ya faɗi, ko masu miƙe layin ne. Ran nan, gero ya fara ƙosawa, wata babbar mota ta tsaya a tasha, leburori suka diddiro da diga da shebur. Wani ya kai wa Baba labari. Ina marina na ga mutumin da ban taɓa gani yana sauri ba ya taho da gudu, ba hula, numfashi sama-sama. Ya zo ya zauna daɓas a gindin aduwa ya miƙe ƙafafu. Ban san lokacin da na bar muciyata na je na tsaya bayansa ba. Muka yi ta jira. Ashe 'yan gyaran hanyar iyaka ne, ko kallon marina ba su yi ba. Da ya gane, bai tashi nan da nan ba. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaron ga, da sun zo mi za ka yi?" Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba." Ya ce, "Ni ma."

Bayan kaka ya hau motar gyaɗa ya tafi Katsina, da sifanarsa a jaka da allona. Kwanakin da ya yi can ban iya aiki ba. Na bar zanen wata mata ya wuce lokaci a karofi ya koma baƙi ƙirin, ta yi mini tatas, ban ma ji zafin ba. Tunanina ɗaya: in ya faɗi, da wane ido zan ga ana saran wurin nan, kuma wa zai riƙe shi.

Ya dawo ranar kasuwa da yamma. Waɗanda suka gan shi a tasha sun ce bai amsa gaisuwar kowa ba, fuskarsa ba ta nuna komai. Ya saɓa wani buhu ya wuce ƙofar gidansa bai shiga ba. Ina bakin karofi na hango shi tafe, na ce shi ke nan, ya zo ban kwana da mahaifiyarsa ne. Ya iso gindin aduwa, ya tuɓe takalma, ya zazzage buhun. Gwiwoyin ƙarfe sababbi suka zubo suna ƙara. Ai ba a bai wa marar takarda gwiwa, ashe ya ci jarrabawa. Ni dai na tsinci kaina zaune a ƙasa ina share hawaye da hannun shuni, fuskata duk ta ɓaci. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya ce, "Malam, tashi ka riƙe mani awo." Daga ranar har ya koma ga Allah Malam yake kirana, rabi girmamawa rabi tsiya.

Ya ɗauke layin daga ɓangaren marina gaba ɗaya, ya zagaya da shi ta bayan aduwa a kan tudu, zagaye mai faɗi. Mu kuma muka haƙa wa dagwalo rami can nesa. Ranar da ya kwance sarƙa, kasuwa ta taru amma ba wanda ya matso da tulu. Ya murɗa famfo, ya tara hannu ya sha, ya sake sha, ya tsaya kowa na kallonsa. Sannan ya sa aka kawo jikarsa, 'yarmu, ya ba ta a tafin hannunsa. Tun daga nan duk famfon da ya taɓa, ko na gidan wa ne, shi ke fara sha. Yaran da ya koya wa sana'a sun ɗauka wata al'ada ce ta masu famfo, har yanzu wasunsu suna yi ba su san mafarinta ba.

Ana saura 'yan watanni ya rasu ya aika a kira ni. Marina ta daɗe da mutuwa, karofi duk sun cike, gari ya matso. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ni ma da furfurata. Ya ce, "Malam, matso, na gaji da yi maka magana ta zana." Na matsa. Ya ce takardar nan da muka sha wuya a kanta, ranar da ya mutu ita ma ta mutu. Wata rana wani yaro zai zo da awo ya ga bututu ya yi zagayen banza, ya ce a miƙe shi, kuma ba laifinsa ba ne. "Inna dai ba wanda ya san ta. Ni ko an san ni. Ku sa ni kusa da ita. Wanda duk za shi tone ta, sai ya hwara da ni."

Shi ya sa ran Laraba na shiga gaban makara, na kai masu haƙa cikin zagayen, na nuna musu inda za su sara da inda ba za su taɓa ba. Muka kwantar da shi, muka yi tudu mai tsawo, muka kewaye kaburburan biyu da ƙaya. Makahon ɗan garuwa ya sa aka ja shi har bakin kabari, ya lalubi ƙasa ta ɗaya gefen ya ce, "Inna, ga shi nan ya zo."

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan wadda ta haife shi, ya shayar da su daga tafkin Manzonsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Kai kuma da za a ba aikin ruwan Jibiya bayan ba mu, in ka zo bayan tsohuwar marina ka ga bututu ya karkace, ba kuskure ba ne. Ka tuɓe takalminka, ka bi zagayen.